Soso Bakwai a Matoyar Gwaggo

Ina tsaye gaban allo a makarantar 'yan mata da nake koyarwa a Daura saƙon ya shigo wayata. Jami'ar da nake digiri na biyu ce ta aiko. Duk ɗalibin da ya wuce shekarun da aka ɗiba masa, ko dai ya miƙa aikinsa kafin ƙarshen wata, ko a share sunansa. Sunana ne na uku a jerin. Na ƙirga kwanakin da yatsu a ƙarƙashin hijabi, ashirin da uku suka rage. Na ƙarasa darasin, amma har yau ban san abin da na koyar a ranar ba.

Shekara huɗu ke nan ina bin abu ɗaya. Akwai wani farin ma'adini da ake kira ziyolait. In ka gan shi gari ne kamar alli, amma kowace ƙwaya tasa cike take da ramukan da ido ba ya gani, shi ya sa ake tace ruwa da shi, ake tace mai. Haɗa garin ba wani abin a zo a gani ba ne, an daɗe ana yi. Matsalar gari ita ce toshewa, ka zuba shi a bututu ruwa ya ƙi wucewa. Aikina shi ne in sa shi ya fito da siffa, dunƙule guda, mai hanyoyin da ruwa zai bi. Don haka sai an nema masa mazubi, wato wani abu da zai hau jikinsa ya kwaikwayi siffarsa. Masu hali a ƙasashen waje suna da nasu na musamman. Ni kuwa da na duba na duba, sai na tsaya a kan soso.

Soson wanka dai da kowa ya sani. In yanka shi gunduwa-gunduwa, in wanke, in jiƙa shi a wani ruwa mai kaurin koko da nake haɗawa da tokar ɓuntun shinkafa da wani sinadari da ake shigowa da shi daga waje. Sai in rufe shi ruf a tukunyar ƙarfe mai kusoshi, ya kwana uku cikin zafi. In an yi sa'a, da an buɗe za a tarar ziyolait ya tsiro a jikin kowane zare na soson ya lulluɓe shi. Daga nan saura mataki ɗaya, a ƙone soson da sinadarin su fice, a bar farin shi kaɗai a tsaye da siffar soso. Ƙonawar ce mai son haƙuri. Zafi zai riƙa hawa a hankali, awa bayan awa, har maki ɗari biyar da hamsin a ma'auni, ya tsaya nan kamar awa biyar, sannan ya huce don kansa.

Sa'ar nan sai da na shekara uku ban same ta ba. Hutun karatun da aka ba ni ya ƙare, na koma aji, na riƙa zuwa jami'a duk lokacin da aka yi hutu. A ofishin malamai suna na ya koma Malama Mai Soso, kuma ni ba na ɗaukar wasa sosai, na sha ɓata rai a kan sunan nan. Da Allah Ya sa abin ya kama, gunduwa bakwai na samu, farare tas. A kansu kwalbar sinadarin ta ƙare, sayo wata kuwa sai an yi watanni ana jira. A makon ne kuma aka kawo wuta da ƙarfi, tanderun sashenmu mai aiki da lantarki ya ƙone. Aka ce an rubuta takarda za a gyara. Na naɗe bakwai ɗina a auduga cikin kwalin takalmi na taho gida, wata takwas ina jiran takardar nan ta yi aiki.

Da yammacin ranar da saƙon ya zo na kira Farfesan da ke duba aikina. Mutum ne mai kirki, amma ba ya zagaye-zagaye.

Ya ce, "Tanderu dai ba a gyara ba. Na sashen da ke kusa da mu an kulle, masu riƙe da makulli suna yajin aiki. Rubutunki ya cika, na karanta. Amma taken aikinki siffa ne, gari kuwa kowa yana da shi. Ki kawo mini ko guda ɗaya a ƙone, a tsaye, mu sa shi a na'ura mu ɗauki hotonsa. Sauran ni zan tsaya miki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina zan ƙona shi?"

Ya ce Allah Ya kawo mafita.

Kwana shida na yi ina yawo a Daura kamar wadda ta yi ɓatan kai. Na je gidan burodi uku da ma'aunin zafi mai doguwar waya da na aro tun daga jami'a, babu wanda zafinsa ya kai rabin abin da nake so. Na rubuta wa wata makaranta takardar neman aron tanderu, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na je wurin wani maƙeri, na roƙe shi ya zuga a hankali. Ya ce to, ya zuga yadda ya saba, gunduwa ɗaya ta tashi da harshen wuta a gaban idona. Na dawo gida da shida, na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Mahaifina ne ya ce in je wurin Gwaggo. Yayarsa ce, an aurar da ita tun tana yarinya a gidan maginan tukwane a wani ƙauye kan hanyar Kwangwalam, ta tsufa a cikin yumɓu. Ya ce, "Wuta dai kike nema, ita kuwa shekara hamsin tana tare da wuta." Na ji haushin maganar, don a ganina an raina aikina ke nan. Amma ba ni da wani tudun dafawa. Na nemi izini a makaranta, na hau babur da kwalin a cinyata, ina ta yi wa mai babur faɗa a kan kowane rami.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Gwaggo ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce mini. Na same ta a tsakar gida ta kife wata tsohuwar tukunya tana lailaya yumɓu a bayanta. Bayan gaisuwa na buɗe kwalin na fara bayani, ina ta neman kalmomi. Ta ɗauki gunduwa ɗaya ta juya, ta matsa. A lokacin soson yana nan a ciki yana riƙe da shi, matsawa ba ta yi masa komai.

Ta ce, "Wato soson ne tsohuwar tukunyarki. Kin ɗora masa farar ƙasa ta ɗauki siffa, yanzu kina so ki zare shi."

Na ce haka ne.

"To ni ɗaga tawa nake yi in cire. Ke taki ba ta ɗaguwa, sai wuta ta cinye ta."

Abin da na yi shafi goma ina bayani ta gama shi a numfashi biyu. Na ji wani sanyi a raina, karo na farko tun zuwan saƙon. Ta ce gobe dama ranar gashi ce, in kwantar da hankalina.

Matoyarsu, wato filin da suke gasa tukwane, tana bayan gari kusa da wata tsamiya. Aka jera randuna da tuluna, aka lulluɓe da kara da ƙaiƙayi. Gwaggo ta sa gunduwa biyu a wani kasko ta cusa a tsakiya. Na ce mata zafin nan ya kamata ya hau a hankali. Ta ce ta ji. Aka kunna, wuta ta tashi sama da tsayin mutum cikin ƙiftawar ido, lambobin ma'aunina suka riƙa gudu har na kasa karantawa. Da aka tone, abin da ke cikin kaskon toka ce gauraye da farin gari. Saura huɗu, kwana goma sha biyar.

Na yi magana mai zafi a ranar. Na ce na faɗa, na maimaita, ba wanda ya saurare ni. Matan da ke kwashe tukwane suka juyo suna kallona. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Uwata, wuta ba ta yi boko ba. In kina so ta yi tafiyar tsofaffi, ba kara za a ba ta ba." Ta aika rugar Fulani da ke gabas da su aka kawo busasshen kashin shanu buhu huɗu. Ta ce shi ba ya gaggawa, ci yake yi kamar mai ciwon haƙori.

A gashi na biyu muka sa biyu a ƙaramar tukunya, muka rufe, muka liƙe bakin da yumɓu don kada toka ta shiga. Dabarata ce wannan, ba tata ba. Muka zuba yashi a babbar tukunya muka zaunar da ƙaramar a ciki, muka yi da'irar kashin shanu nesa da ita, muna matso da shi kaɗan-kaɗan. Tun hantsi har la'asar ina tsugune da ma'auni, ina cewa a ƙara, a rage. Zafin bazara a sama, zafin wuta a gaba, leɓɓana suka tsattsage. Lambobin suka hau yadda nake so, har na fara tsara yadda zan shiga ofishin Farfesa. Washegari muka fasa liƙin, muka tarar da su baƙi ƙirin kamar gawayi. Soso ba ya ƙonewa inda iska ba ta shiga, kuma wannan abu ne da nake koya wa 'yan aji ɗaya. Na ce a mayar da su wuta a buɗe ko za su washe. Suka washe, suka ruguje. Saura biyu.

Gwaggo ba ta yi mini gori ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna a gindin tsamiya na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ina ƙarama. Ba digirin kaɗai nake yi wa ba. Ina tuna hutun da 'ya'yana suka yi ba na gida, da dare ɗaya da na bar ƙaramar tana zazzaɓi na kama hanya don an ce za a kawo wuta a ɗakin gwaji, da yadda mijina yake cewa saura kaɗan duk shekara ba tare da ya nuna gajiya ba. In aka share sunana, duk wannan ya zama yawon banza. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai.

Da na dawo gidan Gwaggo na tarar ta fito da madambaci, tukunyar nan mai huji-huji a gindi da ake turara dambu. Ta kife shi a kan kasko ta ce, "Ga ƙofofin iska, toka kuma ba za ta faɗa ba sai an yi ganganci." Na duba na ga babu abin da zan ƙara.

Na ƙudurta a raina ɗaya za mu sa, in ajiye ɗaya. Kashin shanun ya ƙare, sai da muka jira kwana biyu aka samo busasshe. Ranar gashi na uku komai ya tafi daidai har bayan azahar. Ma'auni ya kai inda nake so ya tsaya, hayaƙi mai warin ƙonannen soso ya fita ta hujin, ya daina. Sai iska ta juya. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi, irin na farkon damina da manoma suka yi wata guda suna roƙo. Iskar ta hura wutar, lambobin suka haura ɗari takwas ina kallo. Muka riƙa janye garwashi da sanda, zanin Gwaggo har ya kama. Sannan ruwa ya sauko. Gari duka ana murna, ana fita da kwanuka. Ni ina tsaye a cikin ruwan ina jin madambacin yana tsagewa. Abin da muka samu a ciki ya ƙanƙance, ya rabu uku.

Saura ɗaya, kwana bakwai, kuma tafiya jami'a wuni guda ce.

Na ce wa Gwaggo zan koma Daura in sake neman mai sa hannun nan. Ta ce in na ga dama, amma ita ta gane wutar yanzu, abin da ya rage a ɓoye ta daga iska. Akwai wani kango a bayan ɗakinta, bango huɗu babu rufi. Ta sa aka ɗora masa tsofaffin kwanon rufi biyu, aka bar tsakani don hayaƙi. Kashin shanu duk ya jiƙe a ruga, sai ta bi gida-gida tana karɓar wanda mata suka ɓoye don girki, muka shanya shi kwana biyu muna kallon sama. Ta ciro madambacinta na girki, wanda ta ce tun na aurenta ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta bar aikinta na kasuwa kusan mako biyu, ba ta taɓa tambayata me za a ba ni in an gama ba.

Na ɗauki na ƙarshen daga cikin auduga, na yi bisimilla na ajiye shi a kasko. Gwaggo ta jera 'yan ƙananan tukwanenta da asusu a gefen da'irar, ta ce ba a barin wuta ta ci banza. Muka kunna da sassafe. Ranar ban ci komai ba, salla ma sai da muka yi karɓa-karɓa. Ita tana duba launin hayaƙi, tana miƙa tafin hannu ta ce a ƙara biyu ta yamma, ni ina duba ma'auni in ga maganarta ta yi daidai. Zafi ya hau a hankali, ya tsaya, ya yi awa biyar bai gusa ba sai kaɗan. Hadari ya taso da la'asar ya wuce ta arewa. Kafin magariba muka daina ƙara wuta, muka toshe ƙofar kangon da tabarma muka bar shi ya huce.

Da hantsi muka shiga. Gwaggo ta fara da kayanta. Duk wanda ta ɗaga daga toka sai ta kai shi kusa da kunne ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Mai lafiya ya yi ƙara siririya ta ajiye shi dama, mai tsaga ya yi ɓaf ta ajiye shi hagu. Haka kowane magini yake yi, ba ya ma sanin ya yi. Ni hankalina yana kan madambaci. Na share tokar da ke kansa, na ɗaga shi da hannu biyu.

Ziyolait ɗin yana nan a tsaye. Fari fat, kowane zare a wurinsa, har ramukan nan uku na tsakiyar soso inda 'ya'yansa suke zama. Rana ta shigo ta tsakanin kwanon ta ratsa shi. Babu sauran soso a ciki ko kaɗan, siffarsa ce kawai ta rage. Na durƙusa ina kallo, na ma kasa yin hamdala da baki. Na san yanzu ba shi da ƙarfin da yake da shi jiya, bawon ƙwai ya fi shi ƙwari, sai an ɗauke shi da cokali a kwantar a auduga. Na sani, amma ban faɗa ba. Na tashi da gudu in ɗauko kwalin da wayata daga ɗaki.

Ban yi minti biyu ba. Da na dawo bakin kangon, Gwaggo ta gama da asusunta. Ta ɗora farin soson nan a tafin hannunta na hagu, ta kai kusa da kunne, tana murmushi, ta lanƙwasa yatsa. Kafin in buɗe baki ta ƙwanƙwasa.

Bai yi ƙara ba ko kaɗan. Zaunawa kawai ya yi a cikin hannunta, farin gari ya riƙa zuba ta tsakanin yatsunta yana sauka a kan toka.

Ta dubi hannun, ta dube ni. Ta ce, "Ayya, bai gasu ba, Uwata. Gara da na gwada, da sai a gaban malamanki zai ba ki kunya." Ta kakkaɓe hannun a zani. "Amma kin ga farin da ya yi, mun kusa. Kawo wani, yau mu ƙara masa wuta."

Na ce, "Babu wani, Gwaggo."

"To a aika Kwangwalam a sayo, soso ai ba ya wuya. Ki shafa masa farar ƙasar taki, kafin jibi ya bushe."

Sai a lokacin na gane cewa a duk kwanakin nan ƙonawa kawai na yi mata bayani. Ban taɓa gaya mata shekara ukun da na yi kafin in samu bakwai ɗin nan ba, ban gaya mata kwalbar da ta ƙare ba, ban gaya mata ranar da aka yanka mini ba. Na ɗauka ba za ta gane ba, ita da ta gane komai tun ranar farko. Na tsuguna na yagi takarda daga littafina, na riƙa tattara garin da gefenta, rabi ziyolait rabi tokar kashin shanu. Ta tsuguna da gwiwarta mai ciwo tana taya ni.

Na kai garin jami'a a kwalbar magani. Farfesa ya ɗaga ta ya duba a hasken taga, ya ajiye, ya tambaye ni ko na ɗauki hoto. Na ce a'a. Ya rubuta takardar roƙo a ƙara mini lokaci, ba a amsa ba. Wata ya ƙare, aka liƙa sunayen waɗanda aka share, nawa yana nan a na uku.

Ban gaya wa Gwaggo ba, na kuma roƙi mahaifina kada ya gaya mata. Har yanzu in na je gaishe ta takan tambaye ni yaushe za mu ƙarasa aikin nan. Ta tara busasshen kashin shanu a ƙarƙashin rumbu, ta rufe da tsohuwar tabarma, ba ta bari kowa ya taɓa. Sai in ce mata sai an yi hutu.